Gishiri a Tafkin Madarumfa

Littafin ya suɓuce daga hannuna ya faɗa cikin adaka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

"Ke Hajara, kunama ce?" Inna ta leƙo daga madafa.

"Ba komi, Inna..."

Ƙarya nake yi. Da kunama ce ai da sauƙi.

Saura kwana uku dangin Gambo su kawo goron sa ranar aurenmu, shi ya sa na zauna ware kayana. A ƙasan adakar na tarar da littattafan da yayana ya riƙa sayo min a Katsina tun ina lakwal, makarantar boko, masu jar takarda da zanen ƙato riƙe da takobi a bango. Duk labarin Mainasara ne, matuƙin jirgin teku wanda mutuwa ke tsoro. A da na sha rantsuwa ba zan auri namijin da bai kai shi ba. Ku yi min dariya, na cancanta.

Na sake ɗaukowa, na maimaita layin:

"Na ɗaura igiya a ƙugu, na ciji wuƙata, na ce ko ni ko ruwa. Gishiri ya cika min baki, ya ƙone min idanu, amma ban saki tsohon ba."

Wallahi ko harafi bai canza ba!

Haka Gambo direban kamyo, babbar motar kaya, ya faɗa a zaurenmu, ya fi sau goma. A daminar bara, ta 1969, kwale-kwale ya kife da Baba a tafki. Aka tsince shi a gaɓa a sume, Gambo tsugune a kansa da jiƙaƙƙiyar riga. Tun ranar Baba ke kiransa ɗana, Inna ke zuba masa fura da nono mai kauri. Ni kuwa na ga Mainasara ya fito daga takarda ya zo ƙofar gidanmu da mota.

Saboda shi na juya wa Inusa baya.

Inusa masunci, wanda muka shekara biyu yana kawo min soyayyen kifi a ganye. Dama Inna ba ta ƙaunarsa, ta ce ƴarta mai karatun lakwal ba za ta ƙare a ƙarnin tarwaɗa ba. Ranar da na sallame shi, hannunsa ɗaure da tsumma wai kifi ya cije shi, na ce, "Kai ina kake sa'adda Baba ke nutsewa?"

Ya dube ni kawai ya ce, "Allah shi ba ki zaman lahiya, Hajo."

Yanzu ga ni zaune, kalma ɗaya na yi min amo a ka.

Gishiri!

A tafkin da shanu ke sha? Tafkin da Baba ke ban ruwan albasa da shi? Shekarata goma sha tara a Madarumfa, amma namiji ya ce min ruwanmu na da gishiri na zauna ina share hawaye. Sai kuma na tuna wadda ta ari littafin nan wata biyu cur: Indo ƙawata, ƙanwar Gambo, wadda ta san duk sirrin zuciyata.

Gari na wayewa na yafa mayafi na nufi bakin tafki. Na san ran Juma'a Gambo ke wanke kamyonsa kusa da lambun Baba. Ga shi kuwa, ya naɗe wando, ruwa iya idon sawu. Can gefe masunta na gyaran koma, Inusa a cikinsu, kansa a sunkuye.

"A'a! Tauraruwata!" Gambo ya washe baki. "Kewata ta hana ki zama?"

"Ƙwarai, jarumina. Labarin nan nika son ji, na ranar da ka ceci Baba."

Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya don kowa ya ji. Baba ma ya ajiye gwangwanin ban ruwa ya matso. Gambo ya ɗaura igiya, ya ciji wuƙa, yana isowa kan gishiri na buɗe littafin na ƙarasa masa sauran da ƙarfi.



Na kamfato ruwa a tafin hannuna na miƙa masa.

"Ɗanɗana ka gaya min ina gishirin."

"Haba masoyiya... salon magana ne..."

"To ga salon aiki."

Na wurga littafin iya ƙarfina. Ya faɗa can bayan bishiyar da ke tsaye cikin ruwa, inda ko dogon mutum ba ya taɓa ƙasa.

"Ɗauko min, Mainasara!"

Gambo ya yi taku uku, ruwa ya kai gwiwa, ya tsaya cak. Ya dubi tafki, ya dube ni, gumi na tsattsafo masa.

"Hajara, agogona ba ya son ruwa..."

Masunta suka kwashe da dariya. Baba bai yi ba. Fuskarsa ta sauya, ya dubi Gambo.

"Yaro, miƙo hannuwanka in gani."

"Don mi, Baba?"

"Abu guda nika tunawa cikin ruwan nan. Wanda ya riƙo ni, na gartsa mashi cizo har na ji ƙashi. Kunya ta hana ni hwaɗi, na ɗauka kai ma kara ka yi mani."

Hannuwan Gambo sumul, ko ƙwarzane babu.

Sai muka ji tsundum! Kafin in waiwaya Inusa ya yi nisa. Ya dawo yana ɗigar ruwa, ya miƙo min littafin ba tare da ya dube ni ba.

A nan na gani.

Tabon haƙora a tsintsiyar hannunsa na dama, da ɗan fili a tsakiya. Duk Madarumfa an san wushiryar Baba.

"Inusa..." Na kama hannun. "Ka ce min kifi ne!"

"Babban kihi ne," ya faɗa a hankali.

Baba ya zube zaune a kan yashi yana salati.

"Don Allah mi ya hana ka magana? Shekara guda!"

"Na ruga kiran likita, Baba, na dawo na iske ana ba da labari. A gidanmu kuma kakana ya hana. Wanda ka hidda daga ruwa ba ka hwaɗi, ba ka amsar tukuici. Allah ne ya hidda shi."

"Ko da za ka rasa ni?" Kuka ya ƙwace min.

Sai lokacin ya ɗago, idanunsa jajur.

"Kullum sai na mutu, Hajo. Amma in don ceton Baba za ki so ni, ladan aiki ne. Ni so nika nema."

Ban san lokacin da kamyon Gambo ya tashi ba, sabulu bai ma bushe a jikinsa ba. Indo kuwa har yau in ta hango ni sai ta canza lungu.

Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage.

"Ka yafe min... ni ce wawuya, na tafi neman jarumi a takarda."

"Ni ban iya takobi ba."

"Ka iya soya kifi?"

Ya yi murmushin da na shekara ban gani ba.

Inna ta ɗan taɓa gardama da maraice, Baba ya ce da ita, "Ƙarnin da kike ƙi, shi ya hana ki takaba." Ba ta ƙara ba. Da kanta ta dama furar da aka kai gidan su Inusa.

Bayan sallar layya aka ɗaura mana aure. Littafin yana nan cikin adakata, shafukansa sun manne, ba ya buɗuwa. Wani lokaci Inusa kan tsokane ni ya ce in karanta masa yadda Mainasara ya ƙare.

Sai in kamo hannunsa na dama in ce, "Ya nutse a tafki, wani masunci ya ciro shi."