Gonar Manu a Cikin Ruɓaɓɓen Faifai

Ranar Laraba da hantsi aka kawo wa Insifekta Armaya'u rahoton an fasa shagon Hafizu mai kwamfuta a Batsari. Da ƙafa ya tafi, don rabon motar ofis da mai an kwana biyu, ya isa yana gumi yana tsaki.

Wata mata ya tarar a ƙofar shagon tana zuba faɗa, Hafizu ya sunkuyar da kai.

"Baiwar Allah, ke ce aka yi wa satar?"

"Ni ce, Yallaɓai! Kwamfutar tashi ce, gonar marayuna ce a ciki."

Sunanta Ramlat. Shekara takwas da suka wuce mijinta Manu da yayansa Alhaji Sammani suka raba gonar gado a Darini, aka kira Hafizu ya ɗauki bidiyo. Daga baya 'yan bindiga suka kashe Manu, ta gudo Batsari da yara huɗu da cikin na biyar. Bana da ta koma, sai ta tarar an tumɓuke gambar da ke kan iyaka, gona ta zama ɗaya. Shaidun rabon wasu sun mutu, wasu sun watse. Alƙali ya ce a kawo bidiyon ran Litinin.

"Ruwa ya sauka, Yallaɓai. In ban yi shuka ba cikin kwanakin nan, mi za su ci baɗi?"

Insifekta ya leƙa shagon. An ɓalle kwaɗo, kwamfuta ba ta nan. Amma ga batirin sola a kusurwa, ga wayoyin mutane goma sha ɗaya jere a kan caji. A wannan zamani da ake sace tukunya a kan murhu, wane ɓarawo ne zai tsallake batir ya rungumi tsohuwar kwamfuta?

"Ko an gano ta ba ta da amfani," in ji Hafizu a sanyaye. "Faifan ajiyarta ya ruɓe. Jiya jiya na lura."

"Wa ka gaya wa?"

"Wallahi ba kowa."

Da azahar Insifekta ya sami Alhaji Sammani a rumfarsa ta hatsi a kasuwa, ya hakimce a kan buhuna, an rubuta wa kowanne A.S. da jan fenti.

"Ni da satar kwamfuta? Haba Yallaɓai! Gona dai ba a taɓa raba ta ba, aro na ba Manu. Mi zan yi da faifan da ya ruɓe?"

"Wa ya ce maka ya ruɓe?"

Alhaji ya gyara zaman hularsa. "Zancen gari ne."

Ran Insifekta ya ɓaci ƙwarai. Ba ƙaryar ce ta ƙona shi ba, ƙarya kullum yana shan ta. Rainin wayon ne.

Daga nan gidan Hafizu ya nufa da saje da takardar bincike. Hafizu bai taɓa riƙe fartanya ba, amma ga buhun masara biyu a ɗakinsa, jan fentin A.S. raɗau a jikinsu. Bai ko juye su a wani buhun ba. A bayansu aka jawo kwamfutar, an lulluɓe ta da zane.

"Kunya ce, ranka ya daɗe," in ji Hafizu. "Faifan ya cinye bidiyon, na rasa yadda zan gaya mata, shi ne na ce sata aka yi. Masara kuwa taimako Alhaji ya yi mani."

"Alhajin da ya hana marayun ƙanensa mudu guda? Tashi mu je!"

Amma Insifekta ya san abin da ke hannunsa bai wuce rahoton ƙarya ba. In babu bidiyo, gona ta tafi.

Washegari ya ɗaura kwamfutar a bayan babur ya nufi Safana, wajen Blessing mai gyara. Ta ciro faifan, ta jona, ta kara kunne. Yana juyawa, can sai ya yi ƙas, ƙas.

"Oga, wa ya yi ta kunna shi haka?"

"Zai yi ko ba zai yi ba?"

"Kar ka yi mani tsawa, ba ni na lalata shi ba. Bad sekta gare shi. Wasu wurare ne a fuskar faifan suka ruɓe, in allura ta zo kansu sai ta tsaya tana ta maimaici. Duk maimaicin nan ƙara kashe shi yake."

"To ki gyara."

"Ba a gyara ruɓa. Kwashe mai kyau ake yi a gudu."

Ta jona wani faifan lafiyayye, ta sa na'ura ta kwafe tsohon gaba ɗaya, tana tsallake duk inda ya cije. Da ya ɗau zafi sai ta kashe, ta ɗora shi a kan murfin randa ya huce, sannan a ci gaba. Rana na yin sanyi sola ta ɗauke. Kwana biyu aka yi ana wannan rarrafe. Sau uku Insifekta yana zuwa yana huci, sau uku tana korarsa.

Ran Asabar ta gama da lafiyayyun wurare, ta koma kan ruɓaɓɓun, tana karanto su daga baya zuwa gaba, tana tsintar abin da ya samu. Sannan ta kira shi.

"Faifan ya ruɓe, wannan gaskiya ne. Amma ruɓa ba ta zaɓen abu guda ta ɗauke shi har da sunansa. Hannu ne ya goge bidiyon nan. Kwandon sharar kwamfutar ya rubuta ranar: Litinin, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma."

"Kwana biyu kafin satar. Kin dawo da shi?"

"Na dawo da abin da ya rage. Hoton ya farfashe a tsakiya. Sauti dai yana nan."

Ran Lahadi Insifekta ya tara su duka a ofis. Alhaji Sammani ya shigo da babbar riga yana gaisawa da kowa kamar ɗaurin aure aka gayyace shi.

Blessing ta kunna. Ga gona, ga rijiya, ga mutane da igiyar awo. Sai hoton ya tsaya, ya tarwatse ya zama ɗigo-ɗigon kore. Alhaji ya yi murmushi.

Sai murya ta fito tar, muryar da duk kasuwar hatsi ta sani: "Jama'a ku shaida, daga rijiya zuwa yamma na Manu ne, shi da 'ya'yanshi. Ni Sammani na yarda, Allah shi ne shaida."

Wata murya ta amsa da dariya: "Na gode, Yaya. Allah shi bar zumunci."

Ramlat ta dafe bango.

Hafizu ne ya fara zubewa. "Alhaji ya ce in goge, in ƙone kwamfutar. Na goge. Ƙonawar ce na kasa, da ita nike ci da iyalina. Kwana uku ba a ɗora tukunya ba a gidana, ranka ya daɗe."

"A gidanta fa? Ka tambaya?" Insifekta ya daka masa tsawa. Ya juya ga Alhaji. "Muryar wa muka ji?"

Alhaji ya dubi ƙasa. "Tawa ce. Shekara uku ni ke noman wurin cikin haɗari. Na ga mace ba za ta iya ba, na tumɓuke gambar."

"Ka tambaye ni?" in ji Ramlat, ta taso masa. "Yaya, gonar ba ta ishe ka ba? Ba ni da hoton mijina ko ɗaya, duk sun ƙone da gidan. Abin da ya rage mani na Manu ke nan, shi ka sa a goge saboda gero!"

Insifekta ya yi wa saje alama, aka sa wa Alhaji da Hafizu ankwa aka wuce da su ciki. Ya ce gobe shi da kansa zai kai wa alƙali faifan.

Ramlat ba ta tashi ba. Ta matso kusa da Blessing.

"'Yar uwa, fuskarshi fa? Ba za ta fito ba?"

"Ta faɗa inda ya ruɓe, Maman yara. Na gwada sau bakwai."

Ramlat ta goge ido da bakin mayafi, ta leƙa waje ta kira yaran su biyar. Autar tana ciki lokacin da aka kashe Manu.

"To mayar mana baya kaɗan," ta ce. "Ke, zo nan ki zamna. Ki ji babanki."