Farata Goma a Faranti

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, kuma rabin labarin sirrin Safiya ne. Sai da ita da kanta ta ce in rubuta, sannan na ɗauki biro.

"Ga aikinki nan."

Zulai ce ta dire faranti a gabana, a tsakar gidan su Zayyanu a Gwandu, mata 'yan biki cike da tabarmi. A cikin farantin ɓawon jel ne guda goma, ruwan hoda mai farin baki. Shekaranjiya da hannuna na ɗora su a faratan amarya.

Sunana Amatullahi, gyaran farce nake yi a Kalgo. Zayyanu mai gyaran waya ne a layinmu. Fitilar da nake busar da jel ce ta mutu ya gyara min, daga nan kullum sai ya leƙo, wai ya zo duba lafiyarta. Wata bakwai yana duba fitila kafin ya faɗi abin da ke kawo shi.

Mahaifiyarsa, Inna Hadijatu, ba ta so. A ganinta, mai liƙa wa mata abin da ke hana ruwan alwala taɓa farce ba surukarta ba ce. Ta fi son Zulai, 'yar ƙanenta. Da bikin ƙanwarsa Safiya ya zo, Zayyanu ya roƙa a bar ni in yi wa amarya kwalliyar hannu, ko Inna ta ga halina.

To, ga abin da ta gani.

"Kwana biyu kacal," in ji Inna. "Yau kamu, ɗiyata ba akaifa. Mi munka yi miki, yarinya?"

"Ai na faɗa, Goggo," Zulai ta karɓe. "Baki ne da ita a wajen Yaya Zayyanu, hannu kam babu."

Ni mai kunya ce. Ko a shago, kaina a ƙasa nake aiki. Amma na san abin da na yi ranar Laraba. Na tura fatar gindin farce baya, na kankare ƙyallin sama, na goge maiƙo har sau biyu saboda an yi mata dilka. Na shafa jel siriri, ban bari ya taɓa fata ba. Farin bakin nan, wanda shi ke fara ɗagawa, sai da na bi kowane na rufe gefensa kafin in sa a fitila. Aikin da aka yi haka ba ya zubewa a kwana biyu.

"Inna, a ba ni hannun amarya in gani."

Aka fito da Safiya cikin lulluɓi. Na kama yatsunta, sanyi ƙalau.

Jel ɗin da ya ɗaga don kansa, ƙalau yake barin farce. Na Safiya duk sun yi fari-fari, da zanen ƙarfe daga baki zuwa ciki. Ɓanɓare su aka yi, ɗaya bayan ɗaya.

Sai na tuna. Ban taɓa ɗora wa mace jel ba sai na tambaye ta a kunne ko tana fashin salla. Safiya ta ce sai Lahadi za ta yi wanka. Yau Juma'a. Ga gefen gashinta da danshi.

Tsarki ya zo mata da wuri. Ta cire ne don ta yi wanka ta yi salla.

Ta ɗago ido ta cikin mayafi ta dube ni. Gwaggwannin ango uku na zaune a gefe, kunnuwansu a buɗe. In na faɗa, gobe za a kai ta, yau kuma duk Gwandu ta san abin da ko uwarta ba ta iya gaya wa.

Na saki hannun.

"To?" in ji Inna.

"Aikina bai ɗaga ba, Inna."

"Iska ta cire su kenan?" Zulai ta yi dariya.

"Ban ce ba. Amma aikina bai ɗaga ba."

"Durƙusa ki ba da haƙuri, a wuce wajen," in ji Inna.

Ban durƙusa ba.

"Ki gafarce ni, Inna. In na ba da haƙuri na yi ƙarya."

Na ɗauki akwatina na fita, maganganu na bin bayana.

A bakin tasha Zayyanu ya cim mini a kan babur, ko hula babu.

"Amatu... tsaya mana, sanyin idona."

"Motar Kalgo ta kusa cika."

"Kalma ɗaya ce fa. Haƙuri. Ki faɗa don ni, in samu bakin yi wa Inna magana."

"Kai ma ka yarda ni na ɓata?"

Ya kau da kai. Kau da kan nan ya fi maganar Zulai ciwo.

"Ban sani ba, Amatu. Ni waya na sani."

"In aka kawo maka wayar da aka buɗe da wuƙa, aka ce gyaranka ne ya lalace, za ka amsa?"

"Wa ya buɗe da wuƙa?"

"Ba ni zan faɗa ba."

"Ko da a kan aurenmu ne?"

Hawaye suka zo, na mayar da su.

"Yaya Zayyanu, ban yi nisa a boko ba, ba ni da kowa sai hannun nan. In sai na ce hannuna na banza ne za a karɓe ni a gidanku, a bar ni a Kalgo."

Na shiga mota. Ban waiwaya ba, duk da wuyana ya so.

Bayan la'asar wayata ta yi ƙara. Lambarsa ce. Sau uku ina kallo tana katsewa, a na huɗu na ɗauka.

Ba muryarsa ba ce.

"Amatullahi."

Na miƙe tsaye, kamar tana ganina.

"Na'am, Inna."

"Safiya ta shigo ɗaki ta rufe ƙofa, ta gaya min. Da bayan cokali ta cire su, da asuba. Zulai na kallonta, ita ta tsince su, ta ce mata ta yi shiru." Ta numfasa. "Ashe har tambaya kike kafin ki liƙa?"

"Kullum, Inna."

"Mi ya hana ki faɗi, ki wanke kanki?"

"Dangin ango na wurin."

Ina jin guɗa daga nesa.

"Gobe ki zo da sassafe, ki biyo ta ƙofar baya, mu yi magana."

Bakina ya riga ni.

"Inna, a tsakar gida aka dire min faranti. Ta nan zan shigo."

Na ji wani ɗan sauti, ko tari ne ko dariya, har yau ban sani ba. Sai Zayyanu ya karɓi wayar.

"Amatu... na yi kuskure. Ki yafe min."

"Kai ne da ba da haƙuri yanzu?"

"Ko a tasha kike so in durƙusa, zan yi. Inna ta ce bayan biki baffana Sambo zai zo wajen kawunki neman aurenki." Ya rage murya. "Yaya fitila?"

"Lafiyarta lau. Kar ka zo duba ta sai da manya."

Washegari da safe na cire kwalaben jel daga akwati, na sa garin lalle da abin goge farce. Na hau motar farko zuwa Gwandu. Na shiga ta zaure, na ratsa tsakar gida, matan jiya duk suna nan, Zulai na tsugune a bakin murhu ba ta ɗago ba.

Inna ta kakkaɓe tabarmar da ke kusa da ita.

"Ku matsa wa ɗiyata. Jiya mun ɗora mata laifin da ba nata ba."

Na gaishe ta, na zauna. Na jawo hannun Safiya kan cinyata, na goge zanen cokalin nan a hankali har faratan suka yi sumul, sannan na ɗora musu jan lalle, farce bayan farce, wanda ruwan alwala ke ratsawa.