Gwiwar Ɗan Hagu

A kan gadon ɗaukar masu rauni ya fara ganinta, kuma zagi ne ya fara fita daga bakinsa.

Farkon kakar wasa ne. Wani mai tsaron baya ya shiga masa da ƙafa biyu, gwiwarsa ta hagu ta yi ƙara. Ƙafar nan kuwa ita ce abincinsa. Da ita yake ci wa ƙungiyar ƙwallaye, don ita ake ce masa Ɗan Hagu. Aka shigo da shi ɗakin jinya yana dukan gado, yana tsine wa alƙalin wasa.

Wata budurwa mai farar riga ta ɗora masa ƙanƙara a gwiwa. Ya fizge ya yi jifa da ita.

"Ku kira mini likita!"

"Ga ta a gabanka," in ji ta. "Ka sake jefar mini da ƙanƙara, in ɗaure maka hannu da bandeji."

Ya dube ta. Siririya ce, idonta a tsaye, ba alamar wasa. Ta mayar da ƙanƙarar. Wannan karon ya bar ta.

Da ta fita, Gola, mai tsaron ragarsu, ya leƙo ya ce masa, "Ka iya bakinka. Sabuwar likitar 'yan wasa ce, kuma 'yar Koci ce."

Koci tsoho ne mai ɗingishi, mai zafin rai. Ba ya dariya da ɗan wasa, ba ya barin ɗan wasa ya taka ƙofar gidansa. Ɗan Hagu ya san haka. Bai hana shi komai ba.

Jinya ta yi tsawo. Kullum da safe yana ɗakin nan mai warin man zafi, tana lanƙwasa gwiwar tana miƙewa, yana cije leɓe. Faɗa suka fara yi, faɗan ya zama hira, hirar ta zama abin da ba sa iya kwana ba su yi ba. Ya sa mata suna Hukuma, don ba ta roƙo, umarni take bayarwa. Ita kuma Gurguna take ce masa.

Ya rubuta mata a waya: "Hukumata, yau na hau matakala ba sanda. Ina jiran lada."

Ta amsa: "Gurguna, wa ya ba ka izini? Gobe za ka gane kurenka. Ka ci abinci, ka ɗora ƙafar kan matashi. Na yi kewarka, amma kada ka ɗauka na huce."

Ya karanta ya sake karantawa har wayar ta mutu.

A fili kuwa abin ba daɗi. Ƙungiyar ta sha kashi a gida, ta sha a waje. Kyaftin ya karye a kafaɗa. Masu tsaron baya suna ta faɗuwa kamar an yi musu baki. Ɗakin jinya ya fi bencin cika. A gasar, ƙungiyoyi shida na saman tebur ne kawai ke shiga zagayen neman kofi, su kuwa suna can ƙasa suna leƙen na sama. 'Yan kallo suka fara yi wa Koci ihu, suna cewa ya tsufa, ya tattara ya tafi.

Likita tana da doka ɗaya. Ba ta barin mai ciwon gwiwa ya koma fili sai ya hau wani akwatin katako, ya diro da ƙafa ɗaya, ya tsaya cak. Ɗan Hagu ya hau. Ya diro. Wuta ta tsarga masa har ƙugu, amma ya yi murmushi, don ɗan ƙwallo tun yana yaro yake koyon ɓoye ciwo.

"Kin gani? Garau."

"Gwiwar ta karkata ciki," in ji ta. "Ba fuskarka nake kallo ba. Sauka. Da saura."

"Ana cin mu kullum, kina cewa da saura!"

"Ko za a ci ku har tashin duniya, da saura."

Ya fita ya buga ƙofa.

Ga kuma Dogo. Shi aka saya ya riƙe gaba kafin Ɗan Hagu ya warke. Yana cin ƙwallo jefi-jefi, yana da baki, yana da turare. Kullum sai ya ƙirƙiro ciwo ya shiga ɗakin jinya, yau wuya, gobe yatsa. Wata rana ya tarar da Ɗan Hagu a benci ya dafa shi.

"Babban yaya, huta abinka. Ni da Likita muna kula da komai. Lambar rigarka ma ta yi mini kyau."

Da Gola bai riƙe Ɗan Hagu ba, da an yi ɓarna.

Ya wuce ɗakin jinya a fusace. Tana naɗe bandeji.

"Yanzu na gane," in ji shi. "Kin ajiye ni a benci don Dogonki ya yi suna."

Ta ajiye bandejin a hankali.

"Maimaita."

"Kin ji ni."

"Ni? Ni da nake durƙusawa kullum ina murza maka wannan ƙafar mai taurin kai? Dogo ya zo da ciwon ƙarya, na shafa masa man zafi mafi zafi na kore shi, ka tambayi Gola. Fita mini. Daga yau mataimakina zai duba ka."

Ya fita. Kafin ya kai bakin titi ya san ya yi wauta. Ya tura saƙo: "Hukumata, bakina ya yi laifi, a hukunta shi. Kishi ne. Ban iya zama a benci ba, ban iya ganin wani kusa da ke ba."

Sai da ta bar shi ya yini ya kwana, sannan ta amsa: "Na ji. Idan da gaske kake, ba ni za ka yi wa magana ba. Ofishin Baba a buɗe yake."

Ya sa riga mai kyau ya tafi. Ofishin ƙarami ne, allon tsara wasa a bango, tsofaffin takalma a lungu. Koci bai ce ya zauna ba.

"Koci, maganar Likita ce. Aurenta nake so."

Tsohon ya ɗago kai.

"Kai?"

"Ni, Koci."

"Ban kai ta makaranta don ta ƙare da ɗan ƙwallo ba. Na san ku. Ni ma naku ne. Yau tafi, gobe sanda. Kai ko fili ba ka iya shiga, kana maganar aure. Rufe mini ƙofa ta waje."

Haka aka zauna har babban wasa ya matso. Ƙungiyar da ke matsayi na shida ce za ta zo. Idan aka doke ta, hanya ta buɗe. Idan aka sha kashi, shugabannin ƙungiya sun riga sun gaya wa Koci ya nemi wani aiki. Ana gobe wasa, Dogo ya gurɗe ƙafa a atisaye, wannan karon da gaske.

Koci ya kira Ɗan Hagu gefen fili.

"Gobe za ka buga."

"Likita ba ta sallame ni ba."

"Na samo wanda zai yi maka allurar kashe zafi. Ba za ka ji komai ba har a tashi." Ya kalli ciyawa. "Ka ci mini wasan nan, ka dawo ofis mu sake waccan maganar."

Abin da Ɗan Hagu yake nema ne aka miƙo masa, wasa da aure a hannu ɗaya. Ya gaya wa Likita yana murna, don ya ɗauka za ta yi murna.

Ba ta yi ba.

"Allura ba ta warkar da jijiya, rufe mata baki take yi. Ka juya sau ɗaya ba daidai ba, ta tsinke, shi ke nan ƙwallo ta ƙare maka."

"Wasa ɗaya ne, Hukumata. Saboda ke zan yi."

"Kada ka ce saboda ni! Ni ba kofi ba ce da za a ajiye a bakin raga."

Da safen wasan saƙonta ya shigo: "Gurguna, ina son ka, ka sani. Amma idan allurar nan ta shiga gwiwarka, ko Baba ya ba ka ni, ni ban ba ka kaina ba. Na gama magana."

Ɗakin canza kaya ya cika da hayaniya. Daga sama ana jin ganguna da ihun 'yan kallo, don labari ya bazu cewa Ɗan Hagu zai dawo. Sunansa suke kira. Ya sa riga, ya ɗaure takalmi. Mai allura ya buɗe jakarsa, ya goge gwiwar da auduga mai sanyi. Likita tana tsaye a bakin ƙofa, hannu a harɗe.

Ɗan Hagu ya kalli allurar. Ya kalli Koci yana jan ƙafa tsakanin 'yan wasa, yana dafa bango duk sanda zai juya. Ya janye gwiwarsa.

"Bari."

Ya kwance takalmin, ya ajiye a gaban Koci.

"Ba zan buga ba, Koci."

Koci ya juyo.

"Me ka ce?"

"Ba a sallame ni ba. Ranar da aka sallame ni, ka sa ni ko a raga ne."

Koci ya ɗauki takalmin ya maka da bango. "Matsoraci! Ragon banza! Mace ta ɗaure ka da bandeji! Kada ka sake tako ofishina!"

Aka buga wasan ba shi. Yara suka yi ta maza, aka tashi ba ci. Ba a mutu ba, ba a tsira ba. Da yake fita, 'yan kallo suka yi ta jifansa da robar ruwa, suna ce masa maci amana. Bai sunkuyar da kai ba, amma ransa kamar ya fashe. Ya rasa wasa, ya rasa Koci, yana ganin ya rasa auren ma.

Washegari ya je ɗakin jinya. Tun daga baranda ya ji muryarta, ya tsaya. Da ubanta take.

"Baba, ka sa ni a ciniki! 'Yarka, a kan maki uku!"

"Ki iya bakinki, ni na haife ki."

"Kai ka haife ni, shi ya sa abin ya yi mini ciwo. Wa ke murza maka gwiwar nan tun ina ƙarama? Wa ke ɗaura maka takalmi ranar da ta kumbura? Allura nawa aka yi wa gwiwar kafin ta mutu? Ka ce ba ka so in ƙare da mai sanda, kuma da hannunka za ka miƙa masa sandar!"

Can sai ga Koci ya fito. Ya ga Ɗan Hagu, ya yi masa kallon sama da ƙasa, ya wuce yana ɗingishi.

Koci bai sake yi wa Ɗan Hagu magana ba. Shugabanni suka ɗaga wa tsohon ƙafa saboda canjaras ɗin. Ɗan Hagu ya ci gaba da jinya, yana haɗiye fushi, yana ɗaga ƙarfe. Kyaftin ya dawo. Aka ci wasa ɗaya da ƙyar, aka ƙara wani.

Ranar da zai sake hawa akwatin, sai ga Koci a bakin ƙofa. Ba wanda ya kira shi.

Ɗan Hagu ya hau. Ya diro da ƙafar hagu. Ta tsaya cak kamar an dasa ta. Likita ta durƙusa ta duba, ta sa ya sake, ya sake.

"Na sallame shi," in ji ta.

Koci ya yi gyaran murya.

"Kai. Tunda nake aikin nan, ba ɗan wasan da ya taɓa ajiye mini takalmi a gaba."

"Ka yi haƙuri, Koci."

"Ban ce ka ba ni haƙuri ba. Har yanzu ina jin haushinka." Ya dubi 'yarsa, ya dubi gwiwar. "Fili cike yana kiran sunanka, ni ina tsaye a kanka, ka zaɓi maganarta. Ni a zamanina ban iya ba. Ka turo manyanka gida."

"Gida, Koci?"

"Kurma ne kai? Gida na ce. Kuma ka cire takalmi a ƙofa."

Ɗan Hagu ya buga wasan da ya biyo baya. Ƙwallon da ya ci da hagu ita ta ɗaga su zuwa na shida, waɗanda suka jefe shi da roba su suka ɗauke shi a kafaɗa. Bai yi musu murmushi ba. Bakin fili ya nufa, inda mai farar riga take tsaye da jakar ƙanƙara.

An ɗaura auren a hutun tsakiyar kaka, ƙungiya tana riƙe da matsayinta, kofi yana gaba. 'Yan wasa suka cika gidan da ba su taɓa takawa ba. Dogo ma ya zo da turarensa, ya ci abinci fiye da kowa.

Da za a tafi da amarya, ta durƙusa gaban ubanta tana kuka. Ango ya durƙusa gefenta, gwiwa biyu a ƙasa, ba ciwo. Tsohon ya ɗora musu hannu a ka.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai jin magana, ba irinku ba." Ya share ido da bayan hannu kamar ƙura ce ta shiga. "Ke, ki riƙe shi da kyau. Kai kuma, atisaye jibi da sassafe. Ango ko ba ango ba, ka makara ka zauna a benci."

"Sai in na sallame shi, Baba," in ji amarya.

Gidan ya ce amin, aka tuntsure da dariya. Koci ne kaɗai bai yi ba, amma an ga haƙorinsa.