Sunusi Biyu a Whalley Range

Da hantsin Litinin Mista Nyam ya shigo ofishin 'yan sanda da wani dattijo a gabansa. Nyam ba ɗan sanda ba ne, ma'aikacin wani kamfani ne da kotu ke ba wa takardar kamu. Ya miƙa wa Sufeto Safara'u Gimba takardar yana share gumi.

"Sunusi Bara'u. Ya buge mai keke da mota a unguwar Small Heath ta Birmingham, ya tsaya ya faɗi sunansa, sannan ya tsere. Kotu ta kira, bai je ba. Ina ƙwanƙwasa ƙofa ya ce shi ne."

Safara'u ta dubi dattijon, nan take ta gane shi. Wa bai san Dakta Sunusi ba a Hausawan Manchester? Shekara talatin yana duba marasa lafiya. In laifin nan ya tabbata, aikin likita ya ƙare masa ke nan.

"Dakta, kai ka tuƙa motar?"

"Motata ce, 'yata. Ni ne."

"Keken wane launi ne?"

"Baƙi."

Ja ne, haka rahoton Birmingham ya ce. Mutumin kirki dai bai iya ƙarya ba, ko ya ƙoƙarta.

Ta buga waya asibitinsa. Sakatariya ta duba ta ce ran nan Dakta bai fita ba sai bayan la'asar. Hatsarin kuwa da azahar aka yi shi, a wani gari.

Ta sa Nyam da Dakta a mota suka koma gidan Dakta a unguwar Whalley Range. Hajiya Kulu ce ta buɗe ƙofa, matar marigayi Umair, ɗan wan Dakta. Idanunta sun kumbura.

"Hajiya, akwai wani Sunusi a gidan nan?"

"Babu wanda muke kira haka."

Nyam ya gyaɗa kai. "Haka ta ce mini ɗazu."

Wani saurayi ya sauko daga bene riƙe da jakar baya. Yana ganinsu ya tsaya cak.

"Wannan fa?"

Kulu ta kau da kai. "Yaron nan ne. Baffa. Yana karatu a uni a Birmingham."

Baffa. Safara'u ta tuno ƙanenta da ake kira Abba, wanda sai ran da za a yi masa fasfo ta fara jin sunansa na yanka. Ba a raɗa wa jariri suna Baffa. Sai dai uba ya sa masa sunan baffansa, sannan a sakaya don girmamawa. Dakta kuwa baffan Umair ne. Ga alama kuma ɗan fari ne, uwar ko kallonsa ba ta yi. Kulu ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma faɗi gaskiya ba.

Safara'u ta ɗaga takardar, ta karanta da ƙarfi.

"Sunusi Bara'u!"

"Na'am," in ji Dakta da sauri.

"Na'am," in ji saurayin.

"Baffa, koma sama!" Dakta ya daka masa tsawa.

"A'a, Baba." Ya ajiye jakar. "Ni ne, Inspector. Na ari motar zan kai kaya flat ɗina. Mutumin ya tambayi sunana na faɗa, sai na yi panicking na gudu. Da letter ta zo daga kotu Baba ya ɓoye, ya ce shi ya gama rayuwarsa, ni ban fara ba."

Dakta ya zauna a kan matakala, ya rufe fuska. Tausayinsa ya kama Safara'u, har ta rasa inda za ta sa idonta.

Nyam ya matso. "Dakta, ka yi haƙuri. Abin da ke takarda na bi."

"Mai keken ya warke," Safara'u ta ce wa saurayin. "Ka gaya wa alƙali yadda ka gaya mini. Dakta, kai ma za ka ba da bayani."

Ba ta sa wa saurayin ankwa ba. Sun kai bakin mota sai Kulu ta fito ba takalmi, riƙe da rigar sanyinsa. Shekara ashirin da ɗaya sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba.

"Sunusi," ta ce, "sa rigarka. Akwai sanyi."