Unguwar da Ake Gani da Ido Biyu

Wata ranar Laraba, cikin kakar shekarar 1997, rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan duwatsun Buza, Markus ya fito daga biro, wato ofishinsu, yana ƙunƙuni. Aikin da ya fito yi bai taka kara ya karya ba. Zai je gabashin gari ne ya auna wani fili ya dawo. A jakarsa akwai igiyar awo, da hoto biyu, da ɗan madubin nan nasa mai ido biyu da ƙafafun ƙarfe.

Markus ɗan wani ma'aikacin asibitin mishan ne can wajen Madawa. Shekara shida ke nan yana zanen taswira a wani furoje, wato shiri na gyaran ƙasa, kullum a kan kwantiragi, kullum ana ce masa ya ƙara haƙuri. Abin da ya sa ba a sallame shi ba shi ne madubin nan. Jirgin sama ya taɓa bi ta kan gari ya ɗauki hotuna, kowane wuri sau biyu. In aka jera hoto biyu na wuri ɗaya aka ɗora madubin a kai, idon dama ya kalli na dama, na hagu ya kalli na hagu, sai garin ya taso. Dutse ya yi tudu, kwari ya yi zurfi, rumbu ya miƙe har ka ji kamar ka kai yatsa ka taɓa hularsa. Ba kowane ido ke iya haɗa su ba. Shugaban biron, Alƙasim, wanda ake kira Mushe irin na Faransanci, in ya leƙa sai ciwon kai, sai ya ce gilashin ne ya yi datti.

To, wannan karon an yi wa Markus alkawari. Zai gina garin Buza da laka a kan katako, ya rubuta tsawon kowane gini da kowane tudu. Ranar Juma'a baƙi za su zo daga Yamai su karɓi aikin su zuba shi cikin ordinatar, wato kwamfuta, ta yadda mutum yana zaune a wata ƙasa zai juya garin a gabansa, ya bi lungu-lungu ta intanet. In aikin ya yi kyau, da Markus za su koma, a ba shi kujera ta dindindin. Har ya faɗa wa matarsa Ƙauna ta fara ɗaure kaya.

Abin da ya hana shi sakat wata unguwa ce a gabas, bayan tsohuwar rijiya. In ya ɗauki hoton dama shi kaɗai, fako ne fetal. Na hagu ma haka. Amma da zarar ya haɗa su a madubi, ga gidaje nan, ga katangu, ga rumbuna. Shi kuwa abin da ya gani ya gina.

Ranar Asabar da ta wuce Alƙasim ya tsaya a kan katakon, ya nuna da alƙalami.

"Wanga kuma minene?"

"Unguwa ta, Shef."

"Unguwar wa? Garin ga anka haihe ni. Ko bukka babu wurin nan. So kaka yi mutanen Yamai su yi muna dariya? Kankare ta."

Markus ya sa wuƙa ya kankare, ransa a ɓace. Ya wanke madubi, ya sauya fitila, ya juya hotunan, ya sake jerawa. Unguwa tana nan daram. Kwana huɗu yana abu ɗaya kamar jakin kai taki. Abin da ya ƙure shi kuwa shi ne wata mata da ke tsakar wani gida a cikin hoton, zaune ba ɗankwali tana tsefe kai. Ranar Litinin kanta a sunkuye yake. Yau Laraba ta ɗago, fuskarta tana duban sama. Hoton kuma an ɗauke shi shekara uku da suka wuce.

Ya ce gajiya ce. Amma taurin kai irin na mai ilimin boko ya ce masa ya je ya taka wurin da ƙafarsa.

A bakin ƙofa ya tarar da Isaka, tsohon da ke gadin biron, yana alwala.

"Malam Markus, ina zuwa da maraicen ga?"

"Hwakon gabas, Baba. Yanzu ni dawo."

Tsohon ya aje buta. "Bari sai da sahe. Mu ko wucewa za mu yi wurin nan sai mun yi sallama. Ko awaki ba su kiwo nan."

"Baba Isaka, jibi baƙi ka zowa. Sallama ba ta cika mani takarda."

Ya tada babur ya tafi, tsohon na binsa da ido.

Fakon ba shi da wani abin kallo. Jar tsakuwa ce shimfiɗe, sai wani faffaɗan dutse a tsakiya. Gonakin gero sun kewaye shi, an riga an yanke, kara na tsaye. Markus ya kafa ƙusa, ya ja igiya, ya auna tsawo, ya auna faɗi. Ya tona ƙasa da ƙafa ko zai ga tushen gini. Ko kasko bai samu ba. Haushi ya kama shi, ya yi tsaki mai ƙarfi, ya ce a fili, "Banza ta sa ni wahala."

Daga nesa aka fara kiran salla. Sauran haske kaɗan.

Ya ce bari ya duba sau ɗaya na ƙarshe, a nan kan wurin. Ya jera hotunan a kan dutsen, ya kafa madubi, ya durƙusa ya ɗora idanunsa.

Unguwa ta taso. Ga katangu, ga rumbuna, ga gidan matar. Ba ta tsakar gidan yanzu. A cikin lungun da ke ƙofar gidan kuwa akwai wani abu da babu shi ɗazu. Wani ɗan mutum ne durƙushe a gaban dutse, da farar riga, da jaka a gefensa. Markus ya ɗan motsa hannu. Ɗan mutumin ma ya motsa.

Ƙeyarsa shi kansa yake kallo daga sama.

A bayan ɗan mutumin, can ƙarshen lungu, wani dogo yana tsaye.

Markus ya ɗago da sauri ya waiga. Fako ne, sai babur ɗinsa da karan gero. Kiran sallar ya yanke, ba ƙarewa ya yi ba, yankewa ya yi a tsakiya. Gyare ma sun yi shiru.

Sai ya ji daka. Luguden mata biyu, kusa, kamar bayan katanga. Ƙamshin miyar kuka ya bugo masa hanci, da warin hayaƙin kashin shanu, da na jiƙaƙƙiyar laka.

Bai san abin da ya sa ya sake leƙa madubin ba. Dogon ya taho rabin lungu.

Ya ɗago. Babu kowa.

Ya leƙa. Dogon yana tsaye a kansa.

Wannan karon da ya ɗago, idanunsa ba su koma daidai ba. Sun tsaya yadda suke tsayawa a cikin madubi. Katangu suka tashi dama da hagu, jajaye, sun fi shi tsawo sau biyu. Babur ya ɓace, gonaki suka ɓace. A gabansa ga ƙafafu biyu sirara, da bakin wata shuɗiyar riga da ba ta motsi ko da yake iska na kaɗawa. Bai yarda ya kai idonsa sama ba.

Murya ta sauko a hankali, kamar ana jan tabarma a ƙasa.

"Kai ɗan wane gida na?"

Markus ya ce, "Baƙo na... aiki anka sa ni."

"Garinku, in magini za shi hawa bisa soro, mi shika yi?"

Markus ya san amsar. Tun yana yaro ya sani. Ko gyaran indararo mutum zai hau yi, sai ya tsaya a ƙasa ya ɗaga murya maƙwabta su ji, a ba mata lokaci su kimtsa, sannan ya taka tsani.

"Shina... shina yin kira," ya ce da raɗa.

"Kai ka yi?"

Muryar ta ci gaba.

"Kwana goma sha ɗaya kana bisa kanmu. Iyalina ba ta wanka, ba ta tsihwa, ba ta shan iska. In ta ɗaga kai, idanunka. Mun yi haƙuri, mun ce baƙo na. Yanzu kuma mun ji za ka kai mu inda duniya dut za ta leƙo."

"Na kankare! Na rantse na kankare!"

"Ka kankare laka. Abin da ka gani hwa?"

Dakan ya tsaya. Ƙofofi suka fara buɗewa, ɗaya bayan ɗaya. Ya ji tafiyar ƙafafu da yawa a kan tsakuwa, ba gaggawa.

Ya tashi ya ruga. Lungu ya kai shi wani lungu. Ya juya, katanga. Ya dafa ta, sanyi ƙalau, danshi ya manne masa a tafin hannu. Ya kira sunan Yesu, muryarsa ta fito kamar ta ɗan tsako. Ya sake juyawa, sai ga shi a gaban dutsen da ya bari.

Ƙafafun sun kewaye shi.

Zufa ta gangaro ta shiga idonsa na dama. Ya runtse shi don zafi.

Katangu suka ɓace.

Ga fako, ga babur can, ga fitilun gari. Ya buɗe idon, katangu suka dawo, wani hannu mai dogayen yatsu ya kusa kai wa fuskarsa. Nan ya gane. Da ido biyu ake ganinsu.

Ya danne idon dama da tafin hannu, ya suri hotunan, ya zura a guje. Ya ratsa inda katanga take, sanyi ya tsaga shi har ƙashi. Ya ji rigarsa ta kece ta baya. Bai tsaya ɗaukar babur ba.

Muryar ta biyo shi, daidai kunnensa, ba fushi a cikinta.

"Da hannunka ka ruhe shi. Bar shi haka nan."

Isaka ne ya tsince shi a ƙofar biro, yana haki, ƙafa duk ƙaya, hannu manne a ido. Da ƙyar tsohon ya ɓamɓare hannun. Idon yana nan garau, ba ja, ba kumburi. Sai dai ko fitilar da aka haska masa bai gani da shi ba. Isaka bai ce na faɗa maka ba. Ruwa ya ba shi, ya raka shi gida. Da safe shi ya je ya turo babur, ya ɗauko madubin, bayan ya tsaya a bakin fakon ya yi sallama sau uku.

Ranar Juma'a baƙi suka zo, suka kewaye katakon suna yabawa. Alƙasim sai washe baki yake kamar shi ya kwaɓa lakar. Shugabarsu, wata injiniya mai suna Madam Fatsima, ta ce aikin ya yi, saura abu ɗaya.

"Gabas ɗin ga babu tsawon komi cikin takarda. Duba muna, Mushe Markus, mu cike."

Markus ya jera hotunan, ya sunkuya a kan madubi. Ya daɗe a sunkuye.

"Mi kaka gani?" in ji Alƙasim.

"Hoto guda, Shef. Shimhiɗe."

Madam Fatsima ta yi murmushi. "Ka gaji na. Kawo in duba, ni ma na iya." Ta cire tabarau, ta jawo kujera, ta fara sunkuyawa.

Markus ya dubi idanunta biyu, lafiyayyu. Ya tuna kayan da Ƙauna ta ɗaure. Sannan ya fizge hoton dama daga ƙarƙashin madubin, ya kekketa shi, ya cusa guntayen a aljihu.

Ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga babu ta inda zai fara. Alƙasim ne ya nuna masa ƙofa, kuma kafin la'asar an miƙa masa takardar sallama. Madam Fatsima ta ce ba ta taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba, ta shiga mota da idanunta biyu ta koma Yamai.

Likitocin asibitin mishan sun duba idon har sau uku, suka ce ba su ga ciwon komai ba. Taswirar Buza kuwa an gama ta, an sa gabas fili.

Yanzu Markus yana Madawa, yana rubuta allunan shaguna da fenti a bakin tasha. Hannunsa na da kyau har yau, sai dai in zai tsoma buroshi yakan kuskure bakin gwangwani, sai ya laluba. Abin da ke cin ransa ba idon ba ne kawai. Akwai wata mata a Yamai da in aka ambaci sunansa sai ta yi tsaki, kuma har ta mutu ba za ta san abin da ya yi mata ba.