Fasfo Uku Daga Tanti Na Tara

Ranar Talata, ana gab da kiran azahar, rahoton ya iso teburin Sufeto Hisham. An sace fasfo uku daga wani tanti a filin hutu na hukuma da ke bakin kogi, a gefen Kuala Lumpur ta wajen Gombak. Masu fasfon 'yan Najeriya ne: miji, mata da 'yarsu.

Sufeto ya san filin. Kafin korona, nan mutanen birni ke zuwa ƙarshen mako su kafa tanti, su gasa kifi, su koma gida ranar Lahadi da cizon sauro. Yanzu a takarda filin a rufe yake saboda dokar kulle. A zahiri kuwa tanti goma sha bakwai ya tarar, kuma babu mai gidan da zai koma. Akwai direban tasi, akwai kukun otel, akwai mai sharar ofisoshi da 'ya'yanta uku. Duk masu neman na kansu ne, haya ce kawai ta fi ƙarfinsu. Abin ya dame shi, don shi ma albashinsa ba ya ganin ƙarshen wata.

Kusan kowane tanti an ɗaura masa farin ƙyalle a sanda, alamar da jama'a suka ƙirƙiro a shekarar don nuna cewa abinci ya ƙare. Tanti na tara ne kaɗai babu.

A bakinsa wani dogon mutum mai tabarau yake tsaye, sanye da rigar masu kai abinci a babur. Da Turanci suka yi magana, kuma nasa Turancin a goge yake, yana kiran Sufeto "Tuan", wato ranka ya daɗe.

"Sunana Sharfaddeen, Tuan. Digiri na uku nake yi. Ni na kai rahoton."

"Ɗalibi a tanti?"

"An dakatar da tallafin karatunmu. Mun bar gidanmu na Setapak wata huɗu da suka wuce. Na ɗan lokaci ne."

"Yaushe ka ga fasfon na ƙarshe?"

"Jiya da yamma, a cikin jakar nan. Yau na fita aiki ƙarfe bakwai, ban dawo ba sai sha biyu. Na tarar ba su."

Sufeto ya leƙa ciki. Wata mata ce zaune a kan tabarma, yarinya 'yar shekara huɗu kwance a cinyarta tana wani irin tari mai kama da jan sarƙa a rijiya. Matar sunanta Hureira, yarinyar Khaulah. A bayansu an rataye wani labule mai tsada, irin na falo, inda babu taga ko alamarta.

"Me ya sami yarinyar?"

"Ƙirji ne. Ba korona ba ce, an gwada. Likita ya ce danshin wurin nan ne."

Sannan Sharfaddeen ya yi bayanin abin da ya sa maganar take da gaggawa. Ƙungiyar ɗalibansu ta samo kujeru a jirgin da zai tafi gida ranar Juma'a, an ba su uku. Amma duk wanda bai kai fasfonsa ba kafin sha biyun ranar Alhamis, za a ba wani kujerarsa. Masu jira sun fi arba'in, kuma ba wanda ya san ranar da za a sake samun wani jirgin.

Sufeto ya buɗe jakar. Ga waya, ga 'yan kunnen zinare a ƙulle cikin hankici. Ɓarawon da ya tsallake zinare ya ɗauki takarda, wannan ba ɓarawon yunwa ba ne.

"Matarka tana jin Turanci?"

"A'a. Malay ɗinta ma na cefane ne. Zan fassara maka."

Sufeto ya kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarsa ya ajiye a bakin tanti, don dokar lafiya ta hana matsowa kusa.

"Tambaye ta, wa take zargi?"

Sharfaddeen ya yi mata magana da harshensu. Hureira ta amsa tana kallon tabarma. Maganar gajeriya ce, takunkumin fuska kuma ya cinye rabinta. Kalma ɗaya Sufeto ya kama, wadda ta faɗa sau biyu, ya rubuta ta yadda ya ji: "si."

"Ta ce Badamasi," in ji Sharfaddeen. "Ɗan ƙasarmu ne, yana tanti na sha ɗaya."

Hureira ta ɗago kai da sauri, ta buɗe baki. Tari ya sarƙe yarinyar, ta sunkuya kanta.

Badamasi ɗan dako ne a kasuwar Chow Kit, gajere, mai mata da 'ya'ya biyu. Sufeto ya same shi a bakin tantinsa.

"Ka je tanti na tara yau?"

"Ni? A'a, Tuan. Wallahi ban je ba."

"Mai gadi ya ce ya gan ka a wurin da ƙarfe takwas, da leda a hannu."

Takardar zaman Badamasi a ƙasar ma ta kusa mutuwa, kuma a lokacin ana kama masu sayar da fasfon sata ga irinsa. Sufeto bai da zaɓi, ya sa aka tafi da shi caji ofis. Matarsa ta bi motar da gudu har bakin ƙofa, babu ko takalmi.

Kwana ɗaya a bayan kanta, cikin ɗakin da mutum ashirin ke shaƙar numfashin juna, ya warware masa harshe.

"Na je, Tuan. Shinkafa na kai."

"Me ya sa ka yi ƙarya?"

"Mijinta bai sani ba. Ya hana ta ɗaura farin ƙyalle, ya ce shi ba mabaraci ba ne. To masu rabon abinci sai su wuce su. Matata ce ke ɗiba daga namu, in kai idan ya fita. In ya ji, ita za ta sha faɗa."

"Ka shiga ciki?"

"Tantin matar aure? Haba, Tuan. A baki na ajiye."

An birkice tantin Badamasi, ba a sami komai ba sai rigunan yara da rabin buhun shinkafa.

Ranar Laraba da hantsi Sufeto ya koma filin, ya zauna da tsohon mai gadi. Tsohon mutum ne mai tsoron cutar fiye da tsoron hukuma. Duk wanda ya shiga ko ya fita sai ya ɗora masa ma'aunin zafi a goshi, ya rubuta da hannunsa a wani littafi. Sufeto ya bi shafin Talata da yatsa. Babur ɗin Sharfaddeen ya fita bakwai da minti biyar. Ya shigo tara da arba'in. Ya sake fita goma saura biyar.

"Ina matarsa take a lokacin?"

"Wajen famfo mana. Kullum tara da rabi mata ke wanki."

Sufeto ya kira Sharfaddeen a waya. Ana jin ƙarar titi a bayansa.

"Ka ce ba ka dawo ba sai sha biyu."

"Oh, na manta ne, Tuan. Cajar waya na dawo ɗauka."

"Ka duba jakar?"

"A'a. Me zai sa?"

Sufeto ya kashe wayar. Mutum yana iya manta caja, wannan ba laifi ba ne. Amma wa zai sace fasfon kansa ana saura kwana uku ya fita daga tanti? Ya sake sauraron muryar da ya ɗauka, har sau biyar. Da farko ya zaci "si" gajeren sunan Badamasi ne. Yanzu hankalinsa bai kwanta ba.

Wani abokin aikinsa ya haɗa shi da Dakta Lailatu, Bahaushiya mai koyarwa a wata kwaleji a Setapak. Da la'asar ta sauko ta same shi a gaban wani shagon mamak, gidan abinci na gefen titi, da aka kife kujerunsa, sai tapau kawai ake sayarwa, wato a ƙulle maka ka tafi da shi. Ya miƙa mata wayar. Ta saurara, ta mayar baya, ta sake saurara. Fuskarta ta canza.

"Sufeto, wa ya fassara maka wannan?"

"Mijinta."

"Innalillahi. Matar nan ba ta ambaci Badamasi ba. Ba 'si' ta ce ba, 'shi' ta ce. Cewa ta yi, 'Ai shi ya sani. Shi za a tambaya.'"

"Shi wa?"

"A harshenmu 'shi' ba suna ba ne, nuni ne ga namiji. Amma ka lura. Mace irin wannan, mai tarbiyyar gida, za ta iya kiran sunan kowane namiji a duniya. Da Badamasi take nufi, Badamasi za ta ce. Mutum ɗaya ne kawai bakinta ba ya kama sunansa."

"Wa ke nan?" in ji Sufeto.

"Mijinta," in ji Dakta Lailatu. "Tun jiya ta gaya maka gaskiya, a gabansa."

Kunya ta kama Sufeto, sannan haushi. Ya tsare mutumin kirki tun jiya, saboda ya bar wanda ake zargi ya zama tafintan shaida.

Ranar Alhamis, ƙarfe tara na safe, suka isa filin tare da Dakta Lailatu da saje ɗaya. Sharfaddeen yana ɗaure akwatin abinci a bayan babur. Sufeto ya ce ya dakata.

Dakta Lailatu ta durƙusa a bakin tanti.

"Sannu, Maman Khaulah. Ya mai jiki?"

Jin Hausa daga bakin mace ya sa hawaye suka zubo wa Hureira.

"Da sauƙi, Anti. Ba ta yi barci ba."

"Ki gaya min, ni zan gaya wa Sufeto yadda kika faɗa, ba ƙari ba ragi. Wa ya ɗauki passport ɗin?"

"Hureira," in ji Sharfaddeen. "Be careful. Ki san abin da za ki ce."

Ba ta dube shi ba.

"Na dawo ɗaukar sabulu, na hango shi yana fitowa da su a hannu. Na zaci wajen 'yan ƙungiya zai kai. Sai da rana na ji yana cewa an sace. Anti, kwana biyu ina jin kukan matar Badamasi ta bayan tantin nan. Shinkafarsu muke ci."

"Shi wa kika gani?"

"Abban Khaulah."

Dakta Lailatu ta fassara. Sufeto ya nuna wa saje akwatin abincin. Saje ya zuge shi, ya ɗaga soson da ke ƙasa. Ga fasfo uku, koraye, a naɗe cikin ledar burodi.

Sharfaddeen ya zauna a ƙasa. Ya cire tabarau. Da ya fara magana ya manta da Turancin, sai Dakta Lailatu ce ke bin sa da fassara.

"Chapter ɗaya ya rage min. Ɗaya! Shekara biyar, Dakta, kin san abin da nake nufi. In na hau jirgin nan, shi ke nan, visa ta mutu, ba dawowa."

"To ka bar su su tafi mana, kai ka zauna," in ji Dakta Lailatu.

"Su tafi su ce me? Hajjo, mahaifiyata, gonarta ta sayar ta yi mana kuɗin jirgin zuwa. Duk garinmu Dakta ake kira na tun yanzu. Kin ga labulen can? A gabansa muke zama in za mu yi video call, don ta zaci muna falo. In suka sauka da yarinya a haka, kowa ya sani."

"Badamasi fa?" in ji Sufeto.

"Na zaci za ku tambaye shi ku sake shi. Jirgin kawai nake so ya tashi. Sai in ce na tsince su a bakin kogi."

"Yarinyar kuma?"

Sharfaddeen ya rufe fuska da tafukansa.

"Na ce wata biyu kawai. Na ce za ta iya jure wata biyu."

Daga cikin tanti tarin ya sake tashi, ya daɗe bai tsaya ba.

Sufeto ya gaya masa laifinsa: ba da rahoton ƙarya da jefa wani cikin tsarewa. Ya kira ofis ya ce a saki Badamasi yanzu. Sannan ya dubi agogo, goma da kwata. Ya ɗauki hoton fasfon uku don shaida, ya riƙe na Sharfaddeen, ya miƙa wa Hureira biyu. Ka'ida ba ta ce haka ba, ya sani, kuma ya san zai amsa tambaya a kai.

"Motata na waje," in ji Dakta Lailatu. "In mun tafi yanzu za mu isa."

Hureira ta goya Khaulah, ta ɗaure zanen da kyau, ta soke fasfon a ƙirji. Saje ya sa wa Sharfaddeen ankwa. Mutanen sauran tantunan sun fito sun tsaya nesa-nesa, kowa da takunkuminsa.

Ana gab da tura shi cikin mota ya juyo.

"Hureira! Don Allah. Me za ki ce wa Hajjo?"

Ta tsaya, ta gyara goyon.

"Zan gaishe ta. In ta tambayi abin da ya sami ƙirjin jikarta, zan gaya mata inda ta kwana wata huɗu."

Saje ya rufe ƙofar.