Motar da Ta Zuba Shuni

Ranar da Kailu ya fara ganin Haske, ruwa ya zo nema, kuma ba don kansa ba. A lokacin ba a daɗe da share hanyar mota daga Yamai zuwa Filinge ba, hannuwan talakawan da Nasara suka tilasta wa aikin ko gama warkewa ba su yi ba. Kailu direban wani Bature ne mai sayen fata, motarsu kuwa ta yi zafi daidai rijiyar bakin gari da hantsi.

'Yan mata suka watse da ganinta, sai ɗaya da ta tsaya riƙe da guga. Ya roƙe ta ruwa, ta miƙa masa ƙwarya. Maimakon ya sha, sai ya buɗe kan motar ya ɗura mata.

"Ashe ita ma tana jin ƙishirwa," in ji yarinyar.

"Ta hi ni ji," ya ce, ya miƙo ƙwaryar a ƙara masa.

A nan ya lura yatsunta shuɗaye ne har farce. Ita kuma ta lura nasa baƙaƙe ne wuluk da man inji. Kowa ya dubi hannun ɗan'uwansa, dariya ta kubce musu tare. Kailu ya koma mota zuciyarsa ba ta tare da shi, har sai da Baturen ya tambaye shi ko zazzaɓi ne.

Haske auta ce a gidan Na'Allah marini. Duk ƙasar Kurfai babu wanda bai san turkuɗinsa ba, wato zanen nan da ake rinawa ya yi baƙi, a buge shi da shuni har ya riƙa ƙyalli. Buzaye kan zo daga Sanam su goga shi a tafin hannu. In ya bar musu shuɗi sai su yi murmushi su saya, don a wurinsu zanen da ba ya zuba shuni rowa aka yi masa. Haske ce ke ninke wa mahaifinta kaya, shi ya sa yatsunta ba su taɓa yin fari ba.

Daga ranar motar nan ta koyi yin zafi a bakin rijiya ko da sanyin safiya. Shi yana kiranta Shuɗiyata, ita tana kiransa Baƙin Hannu. Kafin damina ta fita, kawun Kailu ya je ya yi sallama a gidan Na'Allah. Tsohon bai ce a'a ba, bai kuma ce i ba. Abin da ke damunsa shi ne yaron ba shi da gona ko karofi, abincinsa yana hannun Bature, Baturen kuwa an ce zai koma ƙasarsu.

Akwai kuma Ibrah, ɗan kasuwa mai kai da kawowa tsakanin Baleyara da Yamai, wanda shi ma ya daɗe yana aiko wa gidan da goro. Ba mugun mutum ba ne Ibrah, sai dai yana son a gan shi.

A shekarar ne Na'Allah ya ƙudura zai zama talaka na farko a garin da ya mallaki mota. Ya gaji da jakuna suna kwana uku da kayansa a hanya. Ba ya son babbar motar kaya, ba ya son ƙarama, matsakaiciya yake so wadda za ta ɗauki mutum huɗu da ƙunshin zane. Ya ware shanunsa na shekara ashirin saboda wannan.

Motoci biyu suka samu. Ɗaya ta Baturen Kailu ce, mai launin toka, wadda rana ta ci fentinta har ya dushe. Ɗayar Ibrah ne ya sayo ta a Yamai don ya sayar wa tsohon, shuɗiya, tana walƙiya kamar sabon turkuɗi, kuma ta fi mai tokan tsada da shanu bakwai.

Ranar kasuwa aka jera su a ƙofar gida, dattawa suka zauna a inuwa. Na'Allah ya zagaya mai tokan, ya goga tafinsa a jikinta, ya duba, bai ga komai ba sai ƙura. Ya taɓe baki. Ya je ga shuɗiyar ya goga, tafin ya fito shuɗi. Ya ɗaga hannu ya nuna wa jama'a, kowa ya gyaɗa kai. Wanda ya rina wannan, in ji shi, bai yi rowar shuni ba, kuma mai wadatar da shuni a waje ba zai yi ha'inci a ciki ba.

Sai ya kira Kailu gaban dattawa.

"Kai ka san ƙarhe, ni na san launi," ya ce. "Na zaɓi wagga. Ka duba ta ka ce min ta gari ta. In ka ce haka, kai za ka tuƙa min ita, ka samu abinci a garinga, ni kuma in ba ka Auta."

Haske tana bayan zana tare da mahaifiyarta Habsa, tana jin komai.

Kailu ya tayar da shuɗiyar ya kasa kunne. Ya kwanta a ƙarƙashinta ya daɗe. Ya ƙwanƙwasa ƙofarta da yatsa, ya ji ba amon ƙarfe take yi ba. Da ya miƙe ya san kalma ɗaya ce tsakaninsa da Haske, ya kuma san kalmar ƙarya ce. Tsoro ya kama shi sosai.

"Baba, ku gahwarce ni," ya ce. "Ba ta gari ba ta."

Ya yi bayani murya ƙasa-ƙasa. Injin yana tari, yana zubar da mai, ba zai haye rairayin hanyar Damana sau uku ba. Mai tokan kuwa shekara huɗu yana tuƙa ta, sau ɗaya tak ta taɓa kwana da shi a daji, kuma kayan gyaranta suna samuwa a Yamai. Ga ta da sauƙin kuɗi. Da ya tsaya nan da wataƙila an sha da shi, amma sai ya ƙara da cewa fentin mota ba kamar zane ba ne, wanda duk yake zuba a hannu na banza ne.

Shekara arba'in Na'Allah yana rini, yau ga yaron da aka haifa jiya yana koya masa launi a gaban mutane. Ibrah ya ce, ba da ƙarfi ba, ai dole bawa ya yabi hajar ubangidansa, wa ya san abin da Bature ya yi masa alkawari.

Na'Allah ya ce Kailu ya ɗauke motar Baturensa daga ƙofar gidansa, kada ya sake ganin ƙafarsa. Shuɗiyar kuwa a bar ta nan, ranar Juma'a za a kora shanu gidan Ibrah.

Kwana biyu Haske ba ta je rijiya ba. Ta yi fushi da Kailu fushi na gaske. Kalma ɗaya ce, ya kasa faɗa saboda ita. Maganar Ibrah ma ta shiga ranta, tana ta juya ta. A rana ta uku goggonta Bintu mai fura ta kawo mata takarda da rubutun ajami, a naɗe cikin ganye:

"Shuɗiyata, Bature zai tashi ran Asabar, ni zan kai shi Yamai. Bai yi min alkawarin komai ba, Allah shaida. Da na ce ta gari ce, da na same ki, amma da na ci shanun mahaifinki da bakina, kullum in shigo gida in gaishe shi da wannan a cikina. Ban iya ba. Ina sonki fiye da yadda na iya rubutawa. In ba mu sake haɗuwa ba, ki yafe min. Baƙin Hannu."

Ta karanta sau uku, ta yi kuka, fushin ya bi hawayen. Ta ba Bintu amsa a bayan takardar:

"Baƙin Hannu, na yi maka zato, ka yafe. Kada ka bar gari kafin Juma'a."

Habsa ta ce mata kada ta kuskura ta ja da mahaifinta, ta san halinsa in ya kafe. Haske ta ce ba ja za ta yi ba.

Ran Alhamis da safe ta sami mahaifin nata a karofi shi kaɗai. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta fito da ƙyallen turkuɗinsa, ta tsoma a kaskon ruwan toka ta cuɗa. Ruwan ya yi shuɗi, ƙyallin ya tafi, amma da ta matse zanen ta ɗaga yana nan baƙi ƙirin. Tsohon ya tambaye ta me ya sa take ɓata masa kaya.

"Baba, kai kak koya min," ta ce. "Ka ce shunin bisa ado na, na mai saye. Kai in za ka san aikin wani marini, wankewa kaka yi ka ga abin da ad ƙarƙashi. Motar nan gogawa kay yi kamar Buzu. Ba ka duba ta kamar marini ba."

Na'Allah ya dube ta ya daɗe. Ba wanda ya taɓa ce masa ya yi sayayya kamar baƙo. Ya ɗauki kaskon da tsumma da kansa, ya aika a kira Ibrah da dattawa ƙofar gidansa, Kailu kuma ya zo da mai tokan.

Ya fara da shuɗiyar. Ya cuɗa ƙofarta kamar yadda yake cuɗa zane, shuɗin ya bi ruwan ya gangara ƙasa. Abin da ya fito jar tsatsa ce. Ya danna wurin da babban yatsa, yatsan ya shige, ya zaro tsumma da danƙon da aka toshe ramin da su. Ya matsa gaba ya wanke, nan ma haka.

Ya koma ga mai tokan, ya cuɗa har hannunsa ya gaji. Datti ne kawai ya fita. Launin yana nan daram, ya ma ƙara fitowa.

Ibrah ya tsuguna yana duban ramin, fuskarsa ta canza. Ya rantse bai sani ba. Shi ma a Yamai gogawa ya yi, ya ga shuɗi a tafinsa, ya biya ba ciniki. Kowa ya yarda da shi, don duk wanda ke wurin abin da zai yi ke nan. Ya juya ya roƙi Kailu gafara a kan maganar da ya faɗa, Kailu ya kama hannunsa ya tashe shi.

Na'Allah ya goge hannu a rigarsa. Ya ce zai sayi mai tokan, in har Baturen bai sayar ba. Sa'annan ya dubi Kailu, muryarsa ta yi nauyi.

"Na kunyata ka gaban mutane, gaban mutane zan gyara. Na yi maka tayin Auta bisa ƙarya, ka ƙi. Wanda yaƙ ƙi cin shanuna don ya samu ɗiyata, ba ya cin amanatta in ya same ta. Ka turo kawunka."

Kailu ya durƙusa a gabansa. A bayan zana Habsa ta rungume 'yarta, su biyun suna kuka ba sauti.

Kailu ya kai Baturen Yamai ran Asabar, ya dawo da motar ran Talata, ta zama ta Na'Allah. Bayan girbi aka ɗaura aure. Tsohon bai bar kowa ya taɓa zanen amarya ba, shi ya rina, shi ya buga, kwana tara yana kansa. Ya kuma yi wa ango rawani na turkuɗi. Da ya zo naɗa masa, sai ya kama baƙin hannun nan ya goga rawanin a tafinsa, tafin ya fito shuɗi.

"Wanga in ya zuba, na gari na," ya ce. "Kar ka zo ka koya min."

Dattawa suka yi dariya, shi ma ya yi, idonsa cike da ƙwalla. Ya ɗora hannu a kansu ya yi addu'a, Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, Ya sa cikinsu ya fi wajensu kyau. Jama'a suka ce amin.

Da la'asar aka sa amarya a motar mai toka, Bintu a gefenta, ango da kansa a gaba. Daidai rijiyar bakin gari ya tsaya. Haske ta ɗaga lulluɓi kaɗan ta tambaye shi ko ƙishirwar ce ta sake kama motar.

"Ba ta taɓa yin zahi nan ba sai ranar hwarko," ya ce. "Sauran duk ni na."

"Na sani tun tuni, Baƙin Hannu," ta ce. Ta miƙo shuɗayen yatsunta ta riƙe nasa, Bintu ta kau da kai tana murmushi, suka kama hanyar gida.